Jiran jirgi ne ya gina Kafanchan

(An rubuto daga faifan wata lacca da aka gabatar a Kaduna)

Assalamu alaikum. Na baya kuna jina? To madalla. Abu uku zan faɗa kan tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan: kafuwarta, aikinta, da halin da take ciki yau.

Na farko. Turawa ba don ƙaunarmu suka shimfiɗa layin dogo ba, kaya suke bi. Layin da ya taso daga Baro, a bakin kogin Kwara, ya isa Kano a 1911. Na gabas ya tashi daga Fatakwal ya kai Inugu a 1916 saboda kwal, aka yi ta jan sa arewa, ta Makurɗi da Lafiya, har ya haɗe da namu nan Kaduna a 1927. A Kafanchan aka yanki reshe ya hau Jos don kwaso kuza. Shi ne ya kashe wa siririn layin Zariya zuwa Jos kasuwa, aka rufe shi a 1957.

To ga inda nake so ku ba ni kunnuwanku. Ku 'yan baya ba ku ga jirgi mai kwal ba. Wannan kan jirgi, wallahi raƙumi ne, sai dai shi ba ya haƙurin ƙishirwa. Ya tsaya ya sha ruwa, a loda masa kwal, a kwashe toka, direba ya sauka wani ya hau. A mahaɗa kuma dole jirgi ya jira jirgi, tunda layin ɗaya ne tal, ba a gilma wa juna sai a tasha. Mai zuwa Jos ya jira na Fatakwal, mai zuwa Kaduna ya jira na Jos. Awa uku, awa biyar, wani lokaci kwana.

Mutumin da ke jira me zai yi? Zai ci abinci! Mahaifina ma'aikacin reluwe ne, ina yaro na ga mata da farantan doya da ƙosai suna bin tagogin taragu, ciniki ta taga, jirgi na motsi ana miƙo canji. Mai shayi ya kafa tebur. Mai masauki ya gina ɗaki. Inyamuri ya zo aikin gyaran inji ya zauna, Bayarabe ya zo da kaya ya zauna, Bahaushe ya zo fatauci ya zauna, ga ƙabilar Fantsuwam masu ƙasa. Fadar Sarkin masarautar Jama'a ma daga baya ta dawo Kafanchan. Jira ne fa, jama'a. Da jirgin wucewa yake yi fuu, da ba a yi gari ba. Na ce jira ne.

Shugaban zama yana kallon agogo. Ranka ya daɗe, ɗan reluwe ka gayyato, latti gadonmu ne. (dariya)

Na uku... na yi na biyu? To a bar shi. A taƙaice tashar ta ɗauki fasinja, wasiƙu, shanu zuwa kudu, citta, kuza. Da aka kai layi Maiduguri a 1964, nan ma ta Kafanchan ake bi. Sannan jirgi mai dizal ya zo, tireloli suka kwashe kayan, hukumar jiragen ƙasa ta yi rauni.

(Tambaya daga wata ɗaliba: Baba, me zai hana jirgin Abuja da ke tsayawa a Rigasa, nan Kaduna, ya zarce Kafanchan?)

Yauwa 'yata, kin taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Ba zai hau ba ko an tura shi. Tsohon layi faɗinsa ƙafa uku da inci shida ne. Na Abuja zuwa Rigasa da aka buɗe a 2016 ƙafa huɗu ne da inci takwas da rabi. Ƙafafun wannan ba sa zama a kan wancan. Ko dai a gyara tsohon a sa masa nasa jiragen, ko a shimfiɗa sabo fil. In kin je tsohuwar tashar nan ta cikin gari, tafi da igiya ki auna tsakanin ƙarafan biyu, sai ki je Rigasa ki gwada. Amma ki nemi izinin masu gadi tukuna, kada a ce ni na aike ki.