Gwantanamo: yadda Amurka ta kama haya a Kyuba ba ranar tashi

Duk sanda sunan Gwantanamo ya sake fitowa a labarai, tambayar nan ce ke biyo baya: in har wurin a cikin Kyuba yake, ta yaya Amurka ta kafa sansanin soja har da kurkuku a ƙasar da ba sa ga maciji da juna fiye da shekara 60? Wasu su ce saya ta yi, wasu su ce ƙwace ne kawai. To, a takarda dai haya ce, kuma har gobe ana aika kuɗin hayar. Wurin ɗan lungun teku ne a can kudu maso gabashin Kyuba, faɗinsa wajen murabba'in kilomita 117.

Bari mu koma baya da gudu. 1865, yaƙin basasar Amurka ya ƙare. 1869, layin dogo ya haɗa gabashin ƙasar da yammacinta. 1870, Rockefeller ya kafa kamfanin mai na Standard Oil. Ga Carnegie yana narka ƙarfe a Pittsburgh, ga baƙi suna kwarara daga Turai suna cika masana'antu. Kafin a shiga 1900 Amurka ta bar Ingila a baya wajen sarrafa ƙarfe. Sai a 1893 tattalin arziki ya rufta, bankuna suka yi ta durƙushewa, masu masana'antu suka fara kukan kaya sun yi yawa, masu saye sun yi kaɗan. Mafita? Kasuwar waje. Amma jirgin kaya sai da jirgin yaƙi mai tsaronsa, jirgin yaƙin wancan zamani kuwa kwal yake ci, kuma ba ya nisa sai ya tsaya an loda masa wani. Ku riƙe zancen kwal ɗin nan.

Ana cikin haka, a 1895 mutanen Kyuba suka tashi neman 'yanci daga Sifaniya. Sifaniya ta tattara ƙauyawa a sansanoni, yunwa da cuta suka kashe dubun-dubata. Jaridun New York, musamman na Hearst da na Pulitzer, suka samu abin sayarwa. Ran 15 ga Fabrairun 1898 jirgin yaƙin Amurka mai suna Maine ya tarwatse a tashar Havana, mutum sama da 260 suka mutu. Nan take aka ɗora wa Sifaniya laifi. Sai a 1976 wani binciken da wani babban hafsa a sojan ruwan Amurka mai suna Rickover ya jagoranta ya ce wataƙila wuta ce ta tashi a rumbun kwal na jirgin ta kai ga albarusai. Amma a lokacin wa ke da haƙurin jira? A watan Afrilu aka shiga yaƙi, kafin tsakiyar Agusta an gama.

Nan zan sassauta, don nan ne ake ruɗewa.

Lokacin da majalisar Amurka ke amincewa da yaƙin, wani sanata daga Colorado, Henry Teller, ya sa aka ƙara wani alkawari: Amurka ba za ta haɗiye Kyuba ba, da zarar an samu zaman lafiya za ta bar wa mutanen tsibirin mulkinsu. Wasu masana tarihi suna cewa har da tsoron kada sukarin Kyuba ya kashe wa manoman jiharsa kasuwa. Ko ma mene ne dalili, alkawari ya shiga doka. Shi ya sa a yarjejeniyar Paris ta Disambar 1898 Amurka ta karɓi Forto Riko da Guwam, ta biya dala miliyan 20 ta ɗauki Filifin, amma Kyuba sai aka ce Sifaniya ta sake ta kawai. 'Yan Kyuban da suka shekara uku suna zubar da jini ko kujera ba a ba su ba a wajen zaman.

To ga matsala. An yi alkawarin tafiya, kuma ba a son tafiya. Sojan Amurka ne ke riƙe da tsibirin, gwamnan ma soja ne, Janar Leonard Wood. Sai ministan yaƙi Elihu Root ya tsara wasu sharuɗɗa, Sanata Orville Platt ya gabatar da su, aka maƙala su a jikin dokar kasafin kuɗin soja a watan Maris na 1901. Me suka ƙunsa? Kyuba ba za ta ƙulla yarjejeniya da wata ƙasa da za ta taɓa 'yancinta ba. Ba za ta ci bashin da ya fi ƙarfin kuɗin shigarta ba. Amurka na da ikon shigowa da soja in ta ga abubuwa sun lalace. Sannan dole Kyuba ta sayar ko ta ba da hayar fili don ajiye kwal ko kafa sansanin jiragen yaƙi.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne inda aka ce a rubuta su: cikin tsarin mulkin Kyuba kanta. Wakilan da ke rubuta tsarin mulkin suka yi ta musu, aka yi zanga-zanga a Havana, har tawaga suka tura Washington. Amsa guda suka samu: in ba ku sa ba, soja ba za su fita ba. Sun gwada amincewa tare da nasu ƙarin bayanin, Amurka ta ce ba ta yarda ba, sai dai yadda aka rubuto. A watan Yunin 1901 suka kaɗa ƙuri'a, 16 da 11, suka haɗiye. Ran 20 ga Mayun 1902 aka ɗaga tutar Kyuba, a Fabrairun 1903 shugaba Estrada Palma da Theodore Roosevelt suka sa hannu a takardar hayar. Kuɗin: dala 2,000 na zinariya a shekara.

Ku lura da watan. A wannan Fabrairun ne sojan Ingila suka ci Kano, a watan da ya biyo baya suka shiga Sakkwato. Ingila tuta ta kafa, ta naɗa razdan. Amurka a Kyuba ta bar musu tuta da shugaba, ta riƙe tashar ruwa da ikon shigowa. Ni a ganina wannan salon ya fi arha, kuma ya fi daɗewa. Ba wai ba ta iya ɗayan ba ne, a Filifin ta yi mulkin mallaka ƙiri-ƙiri, bayan ƙazamin yaƙi daga 1899 zuwa 1902.

Takardar kanta ta raba abu biyu: asalin mallakar ƙasar na Kyuba ne, cikakken iko da hukunci a wurin na Amurka ne. A 1906 soja suka dawo bisa sharaɗin Platt, suka zauna har 1909. A 1934, zamanin Franklin Roosevelt, aka soke sharuɗɗan, amma aka bar hayar da wani ƙulli: ba ta ƙarewa sai in ɓangarorin biyu sun yarda, ko Amurka ta tashi don kanta. Wato mai gida ba shi da ikon ba ɗan haya takardar tashi.

Sauran kun sani. Fidel Castro ya hau mulkin Kyuba a 1959, ya ce zaman haramtacce ne. Cekin hayar, wanda daga baya ya koma dala 4,085, yana zuwa duk shekara, gwamnatin Kyuba ba ta karɓar kuɗin. A 1964 Castro ya datse wa sansanin ruwa, Amurkawa suka kafa injin tace ruwan teku. A Janairun 2002 gwamnatin Bush ta kai fursunoni can, da lissafin cewa tunda ƙasar ba ta Amurka ba ce kotunan Amurka ba su da hurumi. Kotun ƙoli ta ƙi yarda a 2004, ta ce mai cikakken iko a wuri ba zai ce ba ruwan alƙalansa ba.

Me ya sa wannan lungun, ba wani ba? Mashigin tekun da ke kusa da shi, tsakanin Kyuba da Haiti, ta nan jiragen da suka taso daga gabashin Amurka ke bi zuwa Panama. A Nuwamban 1903 Amurka ta mara wa Panama baya ta ɓalle daga Kolombiya, cikin kwanaki aka sa hannu a wata takardar, ita ma mai ba ta iko da wani zirin ƙasa. A 1914 jirgi na farko ya ratsa mashigin da aka haƙa a can.