Sunan Macaulay: daga Sikotlan zuwa Yaba

Assalamu alaikum jama'a. Duk wanda ya shiga danfo, wato motar haya, daga Jibowu zuwa Sabo ko Adekunle a yankin Yaba na Legas, ya bi titin Herbert Macaulay. Manya kuma za su tuna da hotonsa mai gashin baki a jikin tsohuwar naira ɗaya. To yaya aka yi Bayarabe ɗan Legas yake amsa sunan mutanen Sikotlan?

Asalin sunan na gidan wani limamin coci ne a can, mai suna John Macaulay. Ɗansa Colin soja ne a Indiya. A 1780 dakarun sarkin Mysore, wata masarauta a kudancin Indiya, suka kama shi, ya yi kusan shekara huɗu a kurkuku, daga baya ya kai muƙamin janar. Ƙanensa Zachary shi ne ya haɗa sunan da Afirka. Yana saurayi ya yi aiki a wata gonar rake a Jamaika, ya ga azabar da ake gana wa bayi da idonsa, sai ya dawo yana yaƙi da cinikin bayi har ƙarshen rayuwarsa. Ya yi gwamnan Saliyo daga 1794 zuwa 1799.

Ɗan Zachary kuwa, Thomas Babington Macaulay, shi ne masanin nan da ya rubuta tarihin Ingila. Gwani ne a alƙalami, amma akwai abin da ba za mu rufe ido a kai ba. A 1835 ya ba gwamnatin Turawa a Indiya shawarar ta daina kashe kuɗi a kan karatun Larabci da Sanskrit, tsohon harshen ilimi na Indiya, ta koma Turanci, har yana cewa kanta ɗaya ta littattafan Turai ta fi duk rubuce-rubucen Indiya da ƙasar Larabawa. Wannan raini ne ƙarara.

Ku saurara da kyau a nan, domin mutane na rikicewa. Akwai wani Thomas Babington Macaulay na biyu, baƙar fata, kuma ba su haɗa jini da wancan ba ko kaɗan. An haife shi a Saliyo a 1826, iyayensa Yarabawa ne da aka kuɓutar daga jiragen masu safarar bayi. A lokacin, irin waɗannan bayin Allah da 'ya'yansu, idan aka yi musu baftisma, akan laƙaba musu sunayen Turawan mishan ko na manyan jami'ai. Mu mun saba mutum ya ɗauki sunan mahaifinsa ko garinsu, kamar Aminu Kano ko Shehu Shagari. Su kuwa an raba su da garuruwansu, sai sunan baƙi ya bi su.

Wannan Macaulay ɗin shi ya buɗe makarantar CMS Grammar ta mishan ɗin cocin Anglican a Legas ranar 6 ga Yuni, 1859, da ɗalibai shida kacal. Ita ce sakandare ta farko a Najeriya, yanzu tana Bariga. Ya auri Abigail, 'yar Bishop Samuel Ajayi Crowther, suka haifi Herbert a 1864.

Herbert ya karanta safiyo da aikin injiniya a Plymouth ta Ingila, ya dawo ya yi wa gwamnatin mulkin mallaka aiki, sannan ya ajiye ya zame mata ƙarfen ƙafa. A 1920 ya raka Cif Amodu Tijani Oluwa zuwa Landan a kan filin Apapa da gwamnati ta karɓe, kuma a 1921 kotun ƙoli ta daular Birtaniya ta ce sai an biya cikakkiyar diyya. Ga duk mai fili a Legas, wannan ba ƙaramar nasara ba ce. A 1923 ya kafa NNDP, jam'iyyar siyasa ta farko a ƙasar nan. A 1944 aka kafa wata jam'iyyar, NCNC, shi ne shugaba, Nnamdi Azikiwe sakatare.

Yana da shekara 81 ya fita rangadin ƙasa don adawa da tsarin mulkin da Richards, gwamnan mulkin mallaka na lokacin, ya kawo. A Kano ciwo ya kayar da shi, aka dawo da shi Legas, ya rasu ranar 7 ga Mayu, 1946. Azikiwe ya ci gaba da rangadin, ya kuma gaje shi a shugabancin jam'iyya.