Darasi: Yadda Ake Tabbatar da Sabon Nau'in Mazari

Masu sauraro, barkanmu da sake saduwa. Yau a kan mazari za mu yi magana, ƙwaron nan mai fukafukai huɗu da ƙwala-ƙwalan idanu da ke shawagi a bakin ruwa. Dangin nasa da masana suka sani sun haura nau'i 6,000, kuma har gobe ana samun sababbi, musamman a ƙoramun duwatsun ƙasashe masu zafi. Tsutsarsa a ruwa take girma, ƙoramar da ke cikin kurmi can saman dutse kuwa a ware take da sauran, shi ya sa ake iya samun nau'in da babu shi a wani wuri. A duwatsun Usambara na Tanzaniya akwai wani siririn ɗan'uwansa, Amanipodagrion gilliesi, da ba a san shi ko'ina ba sai can.

To, a ce ka kama ɗaya da raga. Kada ka yi saurin murna. Rubuta kwanan wata, da wurin, da tsayinsa daga teku, ka ɗauki hotonsa yana da rai, don launinsa kan dusashe da zarar ya mutu. Shi ya sa ake jiƙa shi a sinadarin asiton ya kwana, a busar, a sa a ɗan ambulan.

Launi dai, ku saurara da kyau, maƙaryacin shaida ne: yana sauyawa yadda ƙwaron ke manyanta. Dogon cikin mazari, wato ɓangaren jikinsa na baya, gaɓa goma ne. A ƙarshen ta goma, namiji na da 'yan ƙugiyoyi da yake riƙe mace da su wajen barbara, a ƙarƙashin ta biyu kuma akwai gaɓar haihuwarsa. Waɗannan za ka sa a madubin ƙara girma ka zana, sannan jijiyoyin fiffike, sannan gwajin ƙwayar halitta.

Mai gajiyarwar yana gaba: kwatantawa da samfuran gidajen adana tarihi da tsofaffin rubuce-rubuce, kada ka raɗa wa mai suna suna. In ya tabbata sabo ne, sai ka ware guda ɗaya, holotayif, wato samfurin da zai wakilci nau'in, a ajiye shi inda kowane masani zai iya dubawa, ka ba shi suna mai kalma biyu a tsarin Latin, ka wallafa. A 2015, masanin mazari Dijkstra da abokan aikinsa biyu sun wallafa sababbin nau'i 60 daga Afirka a lokaci guda.

A mako mai zuwa za mu duba tsutsar.