Kafin a Mayar da Gidan Maƙwabcinka Filaza, Wa Aka Tambaya?

Lacca ce da aka gabatar a wani zaman ƙungiyoyin ci gaban unguwanni a Kano, aka rubuto ta daga faifan da aka naɗa.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranka ya daɗe wakilin hakimi, masu unguwanni iyayen ƙasa, malamaina, iyayenmu mata da ke zaune can baya, da matasan da suka yi ɗawainiyar haɗa wannan zama, Allah ya saka wa kowa da alheri.

Zan fara da abin da ya faru a layinmu, don da idona na gani. Wani dattijo ya rasu, Allah ya jiƙansa, magada suka sayar da gidan suka raba kuɗi, wanda hakkinsu ne. Bayan 'yan watanni muka wayi gari ana sauke bulo da rodi. Muka ce sabon maƙwabci zai gyara gida. Sai da gini ya kai hawa na biyu muka gane shaguna ne da ofisoshi. Tagogin sama suna kallon tsakar gidan da ke bayansa kai tsaye, har matan gidan suka daina zama a tsakar gida, shanya ma sai da mayafi. Janareto yana kwana yana ruri a jikin katangar ɗakin wata tsohuwa. Motocin masu sauke kaya suka toshe layin, ranar da aka yi rasuwa a ciki sai da aka zagaya da makara ta wani lungun.

Muka yi ayari muka tafi ofishin da abin ya shafa. Aka karɓe mu da mutunci, aka buɗe fayil, aka nuna mana takardar neman canza amfanin fili daga gidan zama zuwa na kasuwanci, ga rasit, ga sa hannu. Aka ce an bi ƙa'ida. Ban musa ba. Abin da ya tsaya mini a rai har yau shi ne, tun daga ranar da aka shigar da takardar har ranar da aka sa hannu, babu wanda ya ƙwanƙwasa ƙofar gida ko ɗaya a layin. Mai unguwarmu a bakinmu ya ji labari.

To, mene ne canza amfanin fili? Duk fulotin da ke cikin awon gwamnati, an rubuta abin da aka ba da shi dominsa: gidan zama, kasuwanci, masana'anta, makaranta, asibiti, wurin ibada, ko fili ne da aka bari don jama'a su sha iska. Takardar mallakar da ke hannunka ta faɗi wannan. Idan kana so ka mayar da gida gidan mai, ko otal, ko wurin taron biki, sai ka nemi izini. A Kano maganar tana bi ta ma'aikatar ƙasa da safiyo da kuma hukumar tsara birane, KNUPDA. Da yawanku za ku ce, ina ƙaramar hukuma? Ai ita ce kusa da mu, kansila ɗan unguwa ne, muna haɗuwa a masallaci. Nan ne gizo ke saƙar, kuma sai mun ɗan koma baya.

Tun 1910 Turawan mulkin mallaka suka yi dokar da ta sa ƙasar Arewa a ƙarƙashin ikon gwamna. Gwamnatin Jihar Arewa ta sabunta ta a 1962. Sannan a watan Maris na 1978 gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta kafa Dokar Amfani da Ƙasa, wadda ta game Najeriya duka, aka kuma cusa ta cikin tsarin mulki yadda taɓa ta sai an bi hanyar gyaran tsarin mulkin kansa. Dokar ta ce ƙasar kowace jiha amana ce a hannun gwamna. Ta kasa ta biyu. Wadda ke cikin birni, gwamna ne ke iko da ita. Wadda ba ta cikin birni, ƙaramar hukuma ce ke ba da ita, har an yi mata iyaka: kada ta wuce hekta 500 ga mutum ɗaya don noma, ko hekta 5,000 don kiwo, sai da yardar gwamna. Amma wa ke cewa nan birni ne, can ƙauye ne? Gwamna. Da alƙalami ɗaya zai ayyana wuri a matsayin birni, ikon ciyaman a kan filayen wurin ya tafi.

Ku dubi ƙananan hukumomi takwas da suka haɗu suka yi birnin Kano: Birni da Kewaye, Dala, Gwale, Fagge, Nasarawa, Tarauni, Kumbotso da Ungogo. A nan ne rigimar fili ta fi zafi, a nan ne kuma hannun ƙaramar hukuma ya fi gajarta. A 1992 an yi dokar tsara birane ta ƙasa wadda ta tanadi hukumar tsarawa a matakai uku, tarayya da jiha da ƙaramar hukuma, ta kuma ba jama'a damar kawo ƙorafi a kan tsari kafin a tabbatar da shi. Sai Jihar Legas ta kai ƙara, a 2003 Kotun Ƙoli ta yanke cewa tsara birane hurumin jihohi ne. Saboda haka kowace jiha sai abin da majalisarta ta ga dama ta bar wa ƙananan hukumominta. Wannan yana da daɗi ta wani gefen, don gyaran da muke nema ba sai mun je Abuja ba, a majalisar jiha yake.

Kada kuma ciyamomi su fake da wannan su naɗe hannu. Tsarin mulkin 1999 ya lissafa ayyukan ƙaramar hukuma: kasuwanni, tashoshin mota, mayanka, maƙabartu, sa wa tituna suna da lambar gidaje, kula da shaguna da kes-kes da gidajen abinci da gidajen burodi. Wanda ke zuwa karɓar harajin shago duk shekara ya san ranar da gidan ya zama shago. Ba zai ce bai gani ba. Kuma tun hukuncin Kotun Ƙoli na watan Yulin 2024 a kan kuɗin ƙananan hukumomi ake ta maganar 'yancinsu. Ni dai a wurina, 'yancin da bai kai ga ciyaman ya iya ɗaukar ma'aikacin tsara gari ko ɗaya da zai taka ya duba fili ba, bai iso unguwa ba tukuna.

Me ke faruwa idan aka sa hannu ba a tambayi mutanen wuri ba? Ku tambayi dattawan cikin gari kududdufai nawa suka sani suna yara, nawa suka rage. Waɗannan kududdufai daga su aka haƙi ƙasar da aka gina gidajen birni, su ne kuma ke shanye ruwan damina. Aka bi su ɗaya bayan ɗaya aka cike da shara, aka yanka, aka sayar. Ruwa kuwa ba ya manta hanyarsa. A daminar 2022 ya shiga Kantin Kwari ya lalata dukiya mai yawa, 'yan kasuwa da kansu suka riƙa nuna gine-ginen da aka ɗora a kan magudanan ruwa. Duk wani ɗan dako a kasuwar zai iya faɗa wa mai sa hannu inda ruwa ke bi, da an tambaye shi. Haka badala, wato ganuwar birni, wadda kakanninmu suka ɗauki ɗaruruwan shekaru suna ginawa suna faɗaɗawa, yau a wurare da dama sai dai a nuna maka inda take a da.

Sannan kowa a nan ya ga rusau na watan Yunin 2023, kwanaki kaɗan bayan rantsar da Gwamna Abba Kabir Yusuf: gine-ginen filin sukuwa, na tsohon otal ɗin Daula, da shagunan filin Idi. Ban zo nan don in ce wane ne da gaskiya tsakanin gwamnatin da ta ba da filayen da wadda ta rushe ba, kowa a ɗakin nan yana da ra'ayinsa. Abin da nake so ku riƙe shi ne, gwamnati ɗaya ta sa hannu, wata ta turo katafila, 'yan kasuwar filin Idi suka je kotu, kotun tarayya ta ce a biya su diyyar naira biliyan 30, daga baya aka sasanta a kan biliyan 3. Kuɗin waye? Na jama'a. Dukiyar da ta zama ƙasa ta waye? Ta 'yan Kano. Da tun farko an baje maganar a fili, an ce ga abin da ake so a yi da filin Idi, ku zo ku faɗi ra'ayinku, an rubuta wanda ya yarda da wanda ya ƙi da dalilinsa, da wanda zai sayi shago ya san abin da yake saye, da kuma gwamnatin da ta biyo baya ta tarar da hujja a rubuce, ko ta tsayawa ko ta rushewa.

Wani zai ce wannan tsarin Turawa ne. A'a. Malamaina suna nan, su gyara mini. Hadisi ya tabbata cewa babu cuta, babu cutarwa, kuma a kansa malaman Malikiyya suka gina hukunce-hukuncen maƙwabtaka masu yawa: tagar da ke leƙa gidan wani a toshe ta, hayaƙin gidan burodi da warin majema idan sabo ne ya zo ya tarar da mutane a hana shi, kada a buɗe shago yana fuskantar ƙofar gidan mutum yadda masu zama za su riƙa ganin shige da ficen iyalinsa. A Tunis, a ƙarni na 14, akwai wani magini da ake kira Ibn al-Rami wanda alƙalai ke aikawa ya je ya duba gini idan maƙwabta sun yi ƙara, ya dawo ya ba da bayani. Wato tun wancan lokacin alƙali bai yarda ya yanke hukunci daga kan buzunsa ba sai masani ya taka ya gani. Abin da muke roƙo ke nan yau.

A Amurka, inda birnin New York ya fara kasa gari shiyya-shiyya a 1916, a garuruwa da yawa idan mutum ya nemi a canza amfanin filinsa sai a kafa allo a jikin filin, a aika wa maƙwabta takarda, a sa ranar zama a bainar jama'a, kwamitin tsara gari ya ba da shawara, kansiloli su kaɗa ƙuri'a kowa yana kallo. Ba na cewa mu kwafo komai nasu. Su ma sun yi amfani da wannan tsari wajen ware baƙaƙen fata da talakawa daga wasu unguwanni, kamar yadda Turawa suka yi mana a nan, suka keɓe wa kansu Nasarawa da Bompai, dokarsu ta ce a bar tazarar yadi 440 babu gini tsakaninsu da 'yan ƙasa. Allon nan da ranar zaman nan kawai nake sha'awa.

Kuma in yi adalci ga mai nema. Gari yana girma. Tsarin da wani Bature masanin tsara birane, Trevallion, ya zana wa Kano na shekara ashirin ne, daga 1963 zuwa 1983, yau unguwanni nawa ne ba su cikin wannan taswira? Titin gidan Zoo da muka sani da gidajen zama yanzu kasuwa ce, ba kuma za ta koma ba. Mutumin da gidansa ke bakin babban titi yana da hakkin ya ci amfanin wurinsa. Bazawarar da ta fasa zaure ta yi shago tana sayar da omo da magi don ciyar da marayu, zalunci ne a sa ta bin layin da mai gidan mai zai bi. Sauraron maƙwabta kuma ba yana nufin duk wanda ya ɗaga hannu ya hana ba, don mun san akwai hassada, akwai tsohuwar gaba. Shi ya sa ake son kwamiti mai duba hujja: faɗin titin zai ɗauki motocin? Ina za su tsaya? Ruwan wurin ina zai bi? Akwai makaranta ko asibiti a jiki? Idan tukunyar gas ce ko man fetur, motar kashe gobara za ta iya shiga? Sau da yawa amsar ba "a'a" ba ce, "e" ce da sharaɗi: ɗaga tagar sama da tsayin mutum, mayar da janareto gaba, ja baya ka bar wurin ajiye mota, a daina kiɗa ƙarfe goma.

Abin da ya fi damuna shi ne unguwannin awon igiya, inda mafi yawan talakawanmu suke. Can babu taswira balle a ce an saɓa mata. Mai gona da dillali ne suka ja igiya, suka bar hanya iya yadda suka ga dama, ba filin makaranta, ba na maƙabarta. A irin waɗannan wurare takardar ciniki ba ta ƙarfi sai da hatimin mai unguwa ko dagaci. Ranku ya daɗe, wannan hatimi amana ce babba. Kafin ku buga, ku tambayi mai saye me zai gina, a rubuta a cikin takardar, shaidu su ji.

Ga abin da nake so ƙungiyoyinku su kai wa 'yan majalisarku na jiha a rubuce. Kada a amince da canza amfanin kowane fili a unguwar zama sai an kafa allo a jikinsa da Hausa, boko da ajami, na tsawon wata guda. A sanar da mai unguwa da kansila a takarda. A yi zama a sakatariyar ƙaramar hukuma, a rubuta abin da aka faɗa, rahoton ya shiga fayil kafin ya isa teburin mai sa hannu. A kuma tanadi yadda mata za su faɗi nasu, don su ne ke wuni a gida, su ne hayaƙin da ƙarar ke dama, amma ba a ganinsu a irin wannan zama.

Kafin a samu wannan, idan kun ga ana sauke bulo a layinku, kada ku jira gini ya kai linta. Ku je da sallama ku tambayi mai wurin me zai yi, ku nemi ganin takardar izinin gini. Idan ya ƙi, ku rubuta ƙorafi, mutum biyar ko goma su sa hannu, mai unguwa ya shaida, ku kai KNUPDA ku kai ƙaramar hukuma, ku tabbatar an buga muku hatimin karɓa a kwafinku da kwanan wata. Mu a layinmu da baki muka je, shi ya sa da muka koma karo na biyu babu abin da za mu nuna.

Na ga shugaban taro yana duba agogo, la'asar ta gabato. Hajiya a can baya ta daɗe da ɗaga hannu, a miƙa mata abin magana mu fara da ita.