Gubar da Ke Bayan Danga: Lacca kan Tsirran da Ke Kashe Dabbobi da Yara

Wani likitan dabbobi ne ya gabatar da wannan lacca ga manoma da makiyaya a Talata Mafara, jihar Zamfara. An rubuto ta daga naɗin murya, an rage doguwar gaisuwar farko.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayenmu masu ƙasa, ranku ya daɗe. Arɗo da jama'arsa, sannunku da hanya. Iyaye mata da ke can baya, kuna ji na? To madalla, don rabin maganar nan taku ce.

Bari in fara da abin da na gani da idona. Wata damina aka aiko min yaro a kan babur, wai in zo da gaggawa, shanun huɗar babansa sun faɗi. Kafin in isa ɗaya ya riga ya mutu, ɗayan yana kwance yana jan numfashi da ƙyar, baki buɗe, jiki yana rawa. Mai shanun ya riƙe hannuna ya ce, "Likita, wannan ba ciwo ba ne, hannu ne." Suna rikicin iyakar gona da maƙwabcinsa, ya riga ya yanke hukunci a ransa. Na ce masa, Baba, bari mu ji abin da suka ci tukuna. Sai ƙaramin ɗansa ya ce shi ya yanko musu ɗanyar dawa a gefen gona, wadda ba ta kai gwiwa ba. Ruwa ya ɗauke kwanaki, dawar ta yi yaushi, sannan aka samu yayyafi. Da aka sa wa na biyun wuƙa, jinin da ya fito ja ne jawur kamar tattasai, babu duhun da muka saba gani. Nan na san abin da ya faru.

Ƙaramar dawa, da gyauron da ke tohowa bayan an yi girbi, suna ɗauke da guba irin wadda ke cikin rogo mai ɗaci. A boko ana ce mata sayanayid. Tana ƙaruwa idan shukar ta sha fari, ko ta yi yaushi, ko an cika mata taki. Da ta shiga tumbin saniya ko tunkiya sai gubar ta fito da sauri, ta hana jiki amfani da iskar da aka shaƙa. Shi ya sa dabbar take haki alhali hancinta a buɗe yake, shi ya sa jinin yake zama ja haka. Wani lokaci minti kaɗan ne tsakanin ci da faɗuwa. Akwai allurar da ke karya ta, amma sai in likita yana kusa ƙwarai. Maganin da ke hannunku ya fi: kada a bar dabba ta shiga gyauro, kada a yanko mata dawar da ba ta girma ba. Karan da ya bushe sarai haɗarinsa kaɗan ne. Haka ɓawon rogo, a shanya shi ya bushe ƙayau kafin a zuba wa awaki.

Wallahi da ban je ranar ba, da an tashi gaba tsakanin gida biyu har jikoki, a kan abin da yaro ɗan shekara goma ya yi don ya faranta wa ubansa rai.

Ku lura da wani abu, makiyaya sun fi ni sani. Dabbar da ta ƙoshi, tana kiwo a dajin da ta taso, ba ta cika cin guba ba. Tana sunsuna ta wuce. Abin da ke kai ta ga halaka yunwa ce, sai baƙunci, sai kuma hannunmu. A bazara, lokacin da ƙasa ta yi fari fat, duk abin da ya yi kore abinci ne a idon saniya. Yanzu kuma ga halin da muke ciki na rashin tsaro: mutum ya kwashi dabbobinsa daga inda ya san kowace bishiya da sunanta, ya kai su inda shi baƙo, su baƙi. Akwai samberu a wasu dazuzzuka, bishiya ce da ganyenta ke taɓa zuciyar dabba, kuma ba sai ta ci da yawa ba. Don Allah Arɗo, idan kun sauka sabon wuri, ku tambayi mutanen wurin abin da ke kashe musu dabba, kuma kada ku saki garke da yunwar tafiya a cikinsa. A ba su harawa ko dusa tukuna.

Mu nan da muke bakin ruwan Bakalori muna da namu, duman rafi. Yana shimfiɗe a gefen magudanan ruwa da fadama, kore shar ko da rani. Tunkiyar da ta daɗe tana cinsa za ka ga tana rawar kai, tana tangaɗi kamar mai maye, in ka tsorata ta sai ta faɗi. Sau da yawa in an raba ta da shi da wuri tana warwarewa.

Maganar hannunmu kuwa ita ta fi damuna. Da damina dabbobi suna turke, ba su da zaɓi, abin da yaro ya yanko shi za su ci. Yaron kuma sauri yake yi ya cika buhu ya tafi makarantar allo. Ya haɗo da rai-ɗore, ya haɗo da ganyen zurma, ya haɗo da ciyawar gefen gonar da aka yi wa feshi jiya. Ina roƙonku, babba ya zazzage buhun nan ya duba kafin a zuba. Minti biyu ne.

Yanzu iyaye mata, ga taku. Mafi yawan tsirran da ke kwantar da yaranmu ba a daji suke ba, a jikin danga suke, wasu ma mu muka shuka su. Bini-da-zugu ke nan. Muna yin shinge da shi saboda dabba ba ta cinsa, amma ƙwayarsa in an ɓare fara ce, tana da maiƙo, a bakin yaro kamar gyaɗa. Na taɓa shiga wani gida duba akuya, na tarar da yara huɗu a tabarma ɗaya, kowa yana amai da gudawa, uwarsu tana kuka tana cewa ruwan rijiya ne. A bayan ɗaki na ga ɓawon ƙwayar a zube kusa da wani dutse da suka yi amfani da shi wajen fasawa. Allah ya sa an kai su asibiti aka ƙara musu ruwa, suka tashi. Abin da ke kisa a nan shi ne ƙarewar ruwan jiki, kuma ƙaramin yaro ba ya da ruwan da zai yi asara.

Zurma ta fi shi sharri. Ƙwayarta mai zane-zane ce, tana jan idon yaro, in ya tauna ta gubar da ke ciki tana iya kisa. Idon zakara ma haka, ɗan jan nan mai baƙin kai da yara ke tarawa suna wasa. Abin tsoro a waɗannan biyun shi ne ba sa nuna kansu nan take. Yaro zai iya tauna, ya ci gaba da wasansa, sai bayan awanni ko washegari ciwon ya taso. Saboda haka in kin ga ya tauna, kada ki ce ai lafiyarsa lau.

Zaƙami kuwa ba banza aka sa masa suna haukata-yaro ba. Yana fitowa a juji da kangon gida. Wanda ya ci 'ya'yansa bakinsa zai bushe, jiki ya yi zafi babu gumi, baƙin idonsa ya buɗe, yana surutai yana kama abin da babu. Ba ƙananan yara kaɗai ba, samarinmu ma suna sha da gangan, wasu ana zuba musu a abin sha wurin biki. A tuge shi tun bai yi 'ya'ya ba, a ƙone. Tumfafiya kuma ku kula da nononta, in ya faɗa ido yana iya lalata gani. A wanke idon da ruwa mai tsabta, a yi ta zubawa kamar minti goma sha biyar, sannan a tafi asibiti.

Mu Zamfarawa mun riga mun sha darasi mai ɗaci. A 2010 gubar dalma ta kashe yara kimanin 400 a yankunan Anka da Bukkuyum. Waccan daga dutsen zinare ta fito, ba daga tsiro ba, amma ku tuna yadda yara suka yi ta jijjiga suna mutuwa kafin a gano tushen abin. Yaron da yake lafiya da safe, da rana ya fara jijjiga ko surutai, a yi masa addu'a, amma a yi ta a kan hanyar asibiti. A tambayi abokan wasansa me suka ci, cikin lallami, don in an ɗaga bulala ba wanda zai faɗi gaskiya.

Na san abin da ake fara ɗaukowa a gidajenmu, manja da madara. Ina faɗa muku da babbar murya, ba sa karya gubar nan. Kada a sa wa yaro yatsa a maƙogwaro, kada a ɗura masa komai in hankalinsa ya gushe, domin zai wuce masa huhu. A kwantar da shi ta gefe, a cire abin da ya rage a bakinsa, a ɗauki reshen tsiron ko ƙwayar a leda a tafi da ita, ma'aikacin asibiti ya gani da idonsa. In yana amai da gudawa kuma yana cikin hayyacinsa, a riƙa ba shi ruwan gishiri da sukari kaɗan-kaɗan a hanya.

Dabba ma haka take. Wadda ta riga ta kwanta, ɗura na iya ƙarasa ta. A janye sauran daga wurin, a sa ta inuwa, a kira mu. In an yanka, a ajiye mana tumbin mu duba abin da ke ciki, kuma kada a raba naman ko a kai wa mahauta sai likita ya gani. Na san asarar tana da zafi, na san sa guda shi ne jarin gida, amma waɗanda za su ci naman 'ya'yan mutane ne.

Ga su nan a kan tebur na zo da su: zurma, bini-da-zugu, zaƙami, idon zakara, duman rafi, da ƙullin gyauron dawa. Ku taso rukuni-rukuni, mata su fara. Wanda ya san wani suna daban da ake kiransu a garinsu, ko da Fulatanci, ya faɗa min in rubuta. A riƙe hannun yara kada su taɓa, wanda kuma ya taɓa akwai buta da sabulu a bakin ƙofa.