Lacca: Yadda Sabbin Ƙwayoyin Jijiya Suke Fitowa a Ƙwaƙwalwar Kanari

Assalamu alaikum, jama'a masu sauraro. An daɗe ana karantar da ɗaliban likitanci cewa da zarar halitta ta girma, ƙwaƙwalwarta ba ta ƙara samun sabuwar ƙwayar jijiya, wadda ta mutu ta tafi ke nan. Wani masani mai suna Joseph Altman ya ga alamun akasin haka a jikin ɓeraye tun a shekarun 1960, amma masana ba su saurare shi ba, sai da kanari ya shigo cikin maganar.

Fernando Nottebohm, haifaffen Ajantina mai bincike a Jami'ar Rockefeller ta birnin New York, ya lura cewa namijin kanari yana sauya waƙarsa kowace shekara. A 1981 ya nuna cewa sashen ƙwaƙwalwa mai sarrafa waƙar, wanda ake kira HVC, yakan kai kusan ninki biyu a lokacin hayayyafa, sannan ya motse bayan lokacin ya wuce. A 1983 shi da Steven Goldman suka yi wa manyan kanari allurar wani sinadari mai alama, wanda ba ya shiga sai cikin ƙwayar da take shirin rabuwa biyu. Tsuntsayen da aka duba ƙwaƙwalwarsu washegari, alamar tana jikin bangon kogon ruwan da ke cikin ƙwaƙwalwa. Waɗanda aka jinkirta wa makonni kuwa, sai ga ta a cikin HVC. Ashe a wannan bango ake haifar ƙwayoyin. Daga baya Arturo Alvarez-Buylla ya nuna cewa suna bin wasu dogayen zaruruwa ne, kamar mai hawan igiya, har su isa mazauninsu.

To, ina so ku riƙe wannan da kyau, domin a ganina nan ne gundarin batun: haihuwar ƙwayar ba ita ce mai wuya ba, rayuwarta ce. Da yawa daga cikinsu suna mutuwa kafin su fara aiki. Sinadarin maza, wato testosteron, yana ƙara yawan masu tsira, haka ma wani furotin mai suna BDNF, kuma an gano cewa kanarin da aka bari ya rera waƙarsa ya fi riƙe sabbin ƙwayoyi a kan wanda aka hana shi rerawa. Sannan ba kowace iri ake musanyawa ba. Ƙwayoyin HVC masu aika saƙo zuwa sashen RA, wanda yake juya tsokokin murya, su ake sabuntawa, amma masu aikawa zuwa Sashen X, wani sashe mai taimakawa wajen koyon waƙa, idan an kashe su, ba a maye gurbinsu.

Nottebohm ya yi hasashen cewa wannan musanya ita take buɗa wa tsuntsu damar koyon sabuwar waƙa. Hasashen yana da armashi, sai dai akwai tsuntsun zebra finch na Ostireliya, wanda yake koyon waƙa ɗaya tak yana ƙarami kuma ba ya sauya ta, duk da haka sabbin ƙwayoyi suna ci gaba da shiga HVC ɗinsa bayan ya girma. Saboda haka koyon sabuwar waƙa kaɗai bai isa ya bayyana amfaninsu ba.