Darasin gasa tumu a farkon kaka

Assalamu alaikum masu saurare, iyayena mata da iyayena maza, barkanmu da warhaka, barkanmu da ganin kaka. Ina gajiyar damina? To, madalla.

Duk wanda ya bi hanyar Kware ko ta Boɗinga a 'yan kwanakin nan ya gani da idonsa: gero ya kai, har wasu sun fara ɗaure damma. Wanda ya yi shuka da ruwan Yuni, kwana 90 ɗin gero sun cika masa a wannan Satumba. Maiwa da dawa kam sai sun ƙara shan raɓa. Kafin hatsin nan ya shiga ruhewa, akwai haƙƙin yara a kansa, wato tumu. Shi za mu gasa yau, don abin yana damuna in ga yaro a cikin birnin Sakkwato ya kai shekara goma bai taɓa murza zangarniya a tafinsa ba.

Aikin duk yana wurin zaɓe. Maigida, ka shiga gona da hantsi ko da la'asar sakaliya, ido na ganin ido. Ba banza ba Hausawa ke kiran mugun zaɓe zaɓen tumun dare: cikin duhu sai ka karyo wadda tsutsa ta ci, ko wadda tsuntsu ya riga ka. Kama zangarniya, ka danna ƙwaya ɗaya da farce. In ta fashe da farin ruwa tsululu, ba ta yi ba, wuta za ta shanye ta. In ta ƙi farce, ta bushe, ta turmi ce. Wadda kake so ita ce mai cikakken ido, ta yi tauri amma da ɗan laushi a ciki. Ka karyo ta da guntun karanta, kamar taƙi ɗaya, shi ne mariƙi.

Uwargida, saura ke. Kada ki ɗora a kan harshen wuta, baƙi zai yi a waje, ciki ɗanye. Bari sai kin sauke tuwon dare, itace ya zama garwashi ja. Ki kwantar da zangarniya biyu ko uku, kina juyawa ba tsayawa. Za ki ji tas, tas, ƙwayoyi na fashewa, sai ƙamshin ya tashi. Allah, wannan ƙamshi! Ni da na ji shi sai in tuna kakata zaune a kan tabarmar kaba, faifai a cinya, mu jikoki mun kewaye ta kowa ya miƙa hannu.

Da ta yi ja-ja ki cire, ki bari ta ɗan huce, sannan ki murza a kan faifai ko cikin ƙwarya. Ki sheƙe, ki hure ƙaiƙayin, amma ki juya wa yara baya, don in ya shiga ido ko wuyan riga an dinga kuka ke nan. Wasu na haɗawa da dafaffiyar sabuwar gyaɗa, wasu da ƙuli-ƙuli. Ni dai a ba ni shi zallansa, da ɗuminsa.

Kar a daɗe a tsakar gida fa. Ruwan damina bai gama ƙafewa a kududdufai ba, sauro na nan da ƙarfinsa, musamman unguwannin da ke kusa da fadamar Rima. Ana gamawa a sa ƙanana cikin gidan sauro.

Wanda ba shi da gona, ya yi wa ɗan'uwa na ƙauye magana, ko ya duba bakin kasuwa da safe. Mai gona kuma, in ka karyo goma, ka ba yaro uku ya kai maƙwabta tun kafin a hura wuta.

Mako mai zuwa in Allah ya kai mu, hurar sabon gero za mu dama. A tanadi nono mai kyau.